Galahanga: abin da binciken shekara 80 ya gano, da wadda ya wanke

A shekarar 1938 wani lauya da matarsa suka taso daga Forest, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Mississippi ta Amurka, suka kai ɗansu mai shekara 5 asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore. Sunan yaron Donald Triplett. Tun yana ƙanƙane yake da hadda mai ban mamaki, yana rera waƙa ba ya kuskuren murya, amma in uwarsa ta kira shi ko waiwayowa ba ya yi. Abin da ya fi so shi ne ya sami wani abu mai zagaye ya yi ta juya shi a ƙasa, kuma in aka taɓa masa tsarin da ya saba sai gida ya rikice. Likitan da ya duba shi, Leo Kanner, ya ci gaba da haɗuwa da yara masu irin wannan hali, har a 1943 ya wallafa bayanin su 11, maza 8 da mata 3, Donald ne na farko a jerin. Kafin shi wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta bayyana irin waɗannan yara tun 1925, sai dai rubutunta bai yi nisa ba a lokacin.

A kafafen yaɗa labaranmu an fi kiran wannan lalura galahanga, ko da yake a bakin jama'a kalmar takan haɗa har da wasu lalurorin daban. Wadda ake nufi a nan ita ce wadda likitoci ke kira otizim. Da abu biyu ake gane ta. Na farko wahalar mu'amala: haɗa ido, amsa kira, nuna abu da yatsa don wani ya gani, gane abin da fuska ko murya ke nufi. Na biyu maimaita abu ɗaya, da naci kan tsarin da aka saba, da jin ƙara ko haske ko taɓi fiye da yadda sauran mutane ke ji. Ba a taru an zama ɗaya ba. Wani har ya girma ba zai furta kalma ba, wani kuma malamin jami'a ne da iyalinsa. Har yau babu gwajin jini da ke nuna ta, da lura da halin yaro da tarihin girmansa ake tantancewa.

Duk gidan da aka haifi irin wannan yaro, tambaya ɗaya ce ke hana barci: me ya kawo? Ruwa ba ya tsami banza. Sai dai a mafi yawan lokuta tambayar takan rikiɗe ta koma wata dabam: laifin wa?

Uwa a gaban alƙali

Masu ilimin Turai da Amurka ma ta nan suka fara. Kanner ya ce da halin ake haifar yaran, amma ya kuma rubuta cewa iyayen da ya gani ba su da sakin jiki da 'ya'yansu. Wannan rabin maganar aka ɗauka aka yi gini a kai. Aka laƙaba wa matan sunan uwa firji, wai zuciyarsu ta daskare, babu ɗumin ƙauna a cikinta, shi ya sa yaro ya janye daga duniya. Bruno Bettelheim na Jami'ar Chicago ya fi kowa yaɗa wannan ra'ayi, har ya yi littafi a kai a 1967. Aka raba yara da iyayensu da sunan magani, mata suka tsufa suna zargin kansu. Babu wani bincike na kirki da aka kafa hukuncin a kansa.

Mu ma muna da namu salon. Za ka ji an ce ta fita da magariba tana da ciki, ko ta watsa ruwan zafi ba bisimilla, ko kishiya ta yi sammu, ko yaron ɗan ruwa ne an musanya shi. Kalmomin sun bambanta da na Chicago, amma wadda ake nuna wa yatsa ɗaya ce.

Wanda ya fara tsayawa da ƙarfi ya ƙaryata zargin shi ne wani uba mai ɗa irin wannan, Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam. A littafinsa na 1964 ya jera hujjoji cewa asalin lalurar a ginin ƙwaƙwalwa yake. Hujjar da ta yanke gardama kuwa daga tagwaye ta zo.

Shaidar Hassan da Hussaini

Tagwaye iri biyu ne. Akwai na ƙwai ɗaya, waɗanda ƙwayoyin gadonsu kusan ɗaya ne sak. Akwai na ƙwai biyu, waɗanda rabi kawai suka haɗa, kamar sauran wa da ƙane. Dukansu ciki ɗaya suka kwanta, nono ɗaya suka sha, uwa ɗaya ta goya su. Da tarbiyyar uwa ce ke kawo lalurar, da iri biyun sun yi daidai.

A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka bi Birtaniya suka zaƙulo tagwaye na gida 21 waɗanda aƙalla ɗaya a cikinsu yake da galahanga. A tagwayen ƙwai ɗaya na gida 11, an sami gida 4 da duka biyun suke da ita. A na ƙwai biyu na gida 10, ko gida ɗaya ba a samu ba. Adadin ƙanƙane ne, amma binciken da suka biyo baya sun ƙarfafa shi. Mafi girma a cikinsu ya fito a 2019, ya haɗa mutum fiye da miliyan 2 daga Denmak da Finlan da Suwidin da Isra'ila da Yammacin Ostireliya, ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane wajen yiwuwar samun lalurar daga gado yake. Wani binciken da ya bi ƙannen yara masu galahanga tun suna jarirai ya gano cewa kimanin 1 cikin 5 daga cikinsu su ma sukan same ta.

A lura da abu biyu. Ƙannen 4 cikin 5 ba sa samun ta. Kuma ko a tagwayen ƙwai ɗaya, akan sami Hassan da ita, Hussaini babu. Gado na da babban rabo, amma bai cinye duka ba.

Gado kala-kala

Nan ne iyaye kan ce: ai babu mai irin wannan a danginmu, kaf gaba da baya. Suna iya yin gaskiya, kuma hakan bai rushe maganar ba, domin kalmar gado a bakin masu bincike ta fi tamu faɗi.

Jikin ɗan Adam na ɗauke da ƙwayoyin gado kimanin 20,000, rubutattu da haruffan sinadari wajen biliyan 3. Duk lokacin da jiki zai yi maniyyi ko ƙwai sai ya kwafi wannan dogon rubutu, kuma mai kwafi, komai ƙwarewarsa, yakan yi tuntuɓen alƙalami. Kowane jariri na zuwa da sababbin sauye-sauye wajen 60 waɗanda babu su a jinin uwa ko uba. Galibinsu ba sa komai. Jefi-jefi ɗaya kan faɗa kan ƙwayar da ginin ƙwaƙwalwa ya dogara da ita. A 2007 Jonathan Sebat da abokan aikinsa suka nuna cewa a gidajen da yaro ɗaya tak ke da galahanga, kimanin 1 cikin 10 na yaran na da wani yanki na rubutun da ya ɓace ko ya ninku sabo fil, alhali a sauran yara 1 cikin 100 ne. Wani bincike a ƙasar Aislan a 2012 ya nuna cewa yawancin sababbin sauye-sauyen daga wajen uba suke zuwa, kuma duk shekara ɗaya da ta ƙaru a kan shekarun uba tana ƙara wajen guda 2. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa yiwuwar lalurar ke ɗan ƙaruwa a 'ya'yan tsufa, ko da yake mafi yawansu ba sa samun ta.

A 2020 wani babban bincike da ya duba mutum fiye da 35,000 ya lissafa ƙwayoyin gado 102 masu alaƙa da galahanga, kuma jerin na ƙara tsawo. Suna da sunaye irin su CHD8 da SCN2A da SHANK3. Babu ɗaya a cikinsu da ke bayanin fiye da kashi 1 ko 2 cikin 100 na masu lalurar.

Amma kaso mafi tsoka ba daga waɗannan manyan sauye-sauye yake ba. Daga dubban ƙananan bambance-bambance yake, waɗanda ke yawo a jinin kowa da kowa, ni da kai. Kowane ɗaya shi kaɗai ba ya komai, kamar ɗigon ruwa a randa. Uwa ta ba da nata, uba ya ba da nasa, a wani yaron randar ta tsaya rabi, a ɗan'uwansa ta cika ta tumbatsa. Shi ya sa akan ga kawu mai ƙarancin magana, ko kaka mai tsananin son tsari, alhali babu wanda ya taɓa kiran su marasa lafiya.

Batun auren zumunci ma ya shigo. A 2008 masu bincike daga Boston suka yi aiki da gidaje daga Gabas ta Tsakiya da Turkiyya da Pakistan inda mata da miji dangi ne, suka gano wasu ƙwayoyi da ba sa bayyana sai yaro ya gaje su ta ɓangare biyu. Wannan hanya gaskiya ce, amma ƙaramin kaso take ɗauka. Gidan da abin ya maimaitu ya kamata ya nemi shawarar likita kafin a ƙara ƙulla wani auren na gida.

Tun daga cikin mahaifa

Da aka jera ƙwayoyin nan aka tambayi aikinsu, sai aka ga galibinsu sun kasu gida biyu. Wasu kamar shugabannin magina suke, su ke umartar sauran ƙwayoyi su fara aiki ko su dakata yayin da ake gina ƙwaƙwalwa. Wasu kuma a mahaɗa suke aiki, wato ɗan wurin da jijiyar ƙwaƙwalwa ke miƙa wa 'yar'uwarta saƙo. Da yawa daga cikinsu sun fi aiki a tsakiyar goyon ciki, tun jariri bai ga hasken rana ba.

Ita kanta ƙwaƙwalwar ta ba da shaida. Ɓawonta na sama hawa 6 ne, kuma a cikin mahaifa ake jera su. A 2014 aka duba ƙwaƙwalwar yaran da suka rasu, aka sami wuraren da jerin ya hargitse a 10 daga cikin 11 masu galahanga, amma a 1 kacal daga cikin 11 marasa ita. A 2017 kuma aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar jarirai masu yayye da lalurar, aka ga waɗanda daga baya aka tantance suna da ita, faɗin ɓawon ƙwaƙwalwarsu ya fi saurin ƙaruwa tsakanin wata 6 da wata 12, tun kafin iyaye su lura da komai.

Akwai kuma batun ragi. Ƙwaƙwalwar jariri takan yi mahaɗai fiye da buƙata, sannan ta riƙa cire marasa amfani yayin da yake girma, kamar manomin da ke rage gero bayan ya tsiro don sauran su yi ƙarfi. Binciken Jami'ar Columbia a 2014 ya nuna alamar cewa a wasu masu galahanga ragin ba ya kai yadda ya kamata. Wasu masana kuma na ganin ma'aunin da ke tsakanin saƙon kunnawa da saƙon kwantarwa ne ya karkata, abin da ya dace da yawan farfaɗiya a tsakaninsu, wadda ke kama kimanin 1 cikin 5. Waɗannan hasashe ne masu hujja, ba a rufe littafinsu ba. Ƙwaƙwalen da aka duba kaɗan ne, kuma yawancin gwaji a kan ɓeraye aka yi.

Abin da ba gado ba

Sauran kason fa? Abin lura shi ne, duk abubuwan da aka tabbatar suna ƙara yiwuwar lalurar a lokacin ciki ko haihuwa suke aiki. Bayan annobar rubela, wadda ake kira ƙyandar Jamus, da ta auka wa Amurka a 1964, likita Stella Chess ta bi yara 243 da cutar ta kama iyayensu mata suna da ciki, ta sami galahanga a cikinsu fiye da yadda aka saba gani nesa ba kusa ba. Maganin farfaɗiya mai suna valproate, in mai ciki ta sha, yana ninka yiwuwar sau biyu zuwa uku, kamar yadda binciken Denmak na 2013 ya nuna. Duk da haka kada mai farfaɗiya ta yanke maganinta da kanta, ta je wa likita tun kafin ta ɗauki ciki ya duba ko zai sauya mata. Haihuwar bakwaini, da rashin isasshiyar iska ga jariri a doguwar naƙuda, da ciwon suga a lokacin ciki, duk an ga alaƙarsu da ita. A ɗaya ɓangaren, binciken Norwe na 2013 a kan yara fiye da 85,000 ya ga ƙarancin lalurar a 'ya'yan matan da suka sha ƙwayar folik asid gab da ɗaukar ciki da farkonsa.

Sai dai ganin abu biyu tare bai nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Farasitamol misali ne. Wasu bincike sun ga 'yar alaƙa tsakanin shan sa da ciki da galahanga, har shugaban Amurka ya ja kunnen mata a kansa a watan Satumban 2025. Amma a 2024 masu bincike a Suwidin sun duba yara fiye da miliyan 2, suka kwatanta 'yan uwa ɗaya, wanda aka sha maganin da cikinsa da wanda ba a sha ba, sai alaƙar ta ɓace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu gamsasshiyar hujja. Zazzaɓin da aka bari ba magani kuwa haɗarinsa ga ciki sananne ne.

Allurar rigakafi

Babu zargin da aka bincika kamar wannan. A 1998 wani likita a Landan, Andrew Wakefield, ya wallafa rahoto a mujallar The Lancet a kan yara 12 kacal, yana alaƙanta lalurar da allurar da ke kare ƙyanda da hangum da rubela. Daga baya ɗan jarida Brian Deer ya bankaɗo cewa lauyoyin da ke shirin kai masu yin allurar kotu sun biya shi kuɗi, kuma bayanan yaran ba su yi daidai da takardun asibitinsu ba. A 2010 mujallar ta janye rahoton, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitocin Birtaniya. Denmak ta bi yara fiye da 537,000 a 2002, ta sake bin fiye da 657,000 a 2019, ba ta ga bambanci tsakanin waɗanda aka yi wa allurar da waɗanda ba a yi wa ba. Japan ta daina amfani da wannan allura a 1993, amma adadin masu lalurar a birnin Yokohama ya ci gaba da hawa.

Me ya sa zargin ya kama zukata? Domin alamomin sun fi fitowa fili tsakanin shekara 1 da 2, wasu yaran ma sukan fara magana sannan kalmomin su ɓace. A Ingila lokacin allura ke nan. A wajenmu lokacin yaye ne, shi ya sa ake cewa yaye ne ya taɓa shi, ko ya sha ciki. Iyaye ba ƙarya suke ba game da abin da suka gani, lokaci ne ya yi daidai. Mu da muka ga yadda shan inna ta dawo bayan dakatar da rigakafi a Kano a 2003 mun san tsadar jita-jita. Allurar rubela ma tana toshe ɗaya daga cikin ƙofofin da aka tabbatar lalurar na shigowa ta cikinsu.

Yawa take yi, ko ido ne ya buɗe?

A 1966 Victor Lotter ya ƙirga yara 4 zuwa 5 cikin 10,000 a Ingila. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ƙirga 1 cikin 150 a 2000, sannan 1 cikin 31 a 2022. Babban dalilin shi ne ma'aunin ya faɗaɗa. Tun daga aikin Lorna Wing da Judith Gould a Landan a 1979 aka gane lalurar mataki-mataki ce, aka shigar da masu magana da masu ƙoƙari a makaranta, da waɗanda a da ake rubuta su masu raunin fahimta kawai. Wani bincike a Denmak ya danganta kashi 60 cikin 100 na ƙaruwar can da sauyin ma'auni da na rajista. Haka kuma ana tantance maza ninki uku zuwa huɗu na mata, kuma akwai shaidar cewa 'yan mata da yawa na wucewa ba a gane su ba saboda sun iya ɓoyewa da kwaikwayo. A al'ummar da ke yaba yarinya mai shiru da kunya, wannan abin dubawa ne.

Ina aka kwana?

Bincike bai samo dalili ɗaya ba, domin babu shi. Hanyoyi ne ɗaruruwa da ke ɓullowa kasuwa ɗaya. Bai kuma samo maganin da ke kawar da ita ba. Sinadarin oksitosin da aka sa wa rai an gwada shi a kan yara wajen 290 a Amurka, sakamakon 2021 ya nuna bai yi aiki ba. Don haka duk mai tallar ƙwaya ko jiƙo ko turare guda da zai warkar da galahanga, ya faɗi abin da bai sani ba. Manya masu lalurar da dama ma suna cewa ba warkarwa suke nema ba, a fahimce su, a taimaka musu da abin da ke wahalar da su, kamar farfaɗiya da rashin barci da rashin hanyar bayyana buƙata. Iyayen yaran da ba sa magana, masu buƙatar kulawa dare da rana, na da nasu kukan. Duka muryoyin biyu sun cancanci a saurare su.

Akwai giɓi babba da ya shafe mu. Galibin jinin da aka bincika na mutanen da asalinsu Turai ne, alhali Afirka ce ta fi ko'ina bambancin ƙwayoyin gado. Aikin NeuroDev a Kenya da Afirka ta Kudu ya fara cike giɓin, amma da sauran tafiya, kuma asibitocin koyarwarmu na da rawar takawa.

Abin da ya fi ƙarfafa gwiwa daga hannun iyaye ya fito. A Ingila an yi gwaji da yara 152, aka koya wa iyayen wasu daga cikinsu yadda za su lura da ƙananan alamun da yaro ke bayarwa su amsa masa a wasa da hira. Bayan shekara 6, rahoton 2016 ya nuna tsananin alamomin ya ragu a yaran da aka koya wa iyayensu. Uwar da aka ce ita ce cuta, ita ce ta zama hanyar taimako.

Donald Triplett ya yi karatu, ya yi aiki a banki, ya tuƙa mota, ya zaga ƙasashe, ya rasu a 2023 yana da shekara 89 a garin da aka haife shi. Bai rabu da galahanga ba. Iyayensa sun taɓa kai shi gidan ajiye yara, bayan shekara guda suka ɗauko abinsu, mutanen gari kuma suka riƙe shi a matsayin nasu. Ba kowane yaro ne zai kai inda ya kai ba, amma kowane yaro na da inda zai iya kaiwa. Allah ne mai halitta, Ya kuma sanya wa kowane abu sababi, neman sanin sababin bai saɓa wa yarda da ƙaddara ba. In yaro ya kai shekara ɗaya da rabi ba ya amsa sunansa, ba ya nuni da yatsa, ko kalmominsa sun ɓace, a kai shi asibiti a fara da gwajin ji, a nemi likitan yara. Uban ya raka su. Uwar kuwa a sauke mata kayan da ba nata ba, domin aikin da ke gabanta ya ishe ta nauyi.